Tambaya da Amsa: Allon Zane na Kwamfuta da Hannun Mai Koyo

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun fi karkata ga abu guda, wato allon zane da ake jonawa a kwamfuta ko a waya, wanda matasanmu a nan Jos suka fara runguma sosai. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, kuma na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos:

Assalamu alaikum, Malam. Na shekara uku ina zane da fensir a takarda, har abokaina suna yaba mini. A watan jiya yayana ya sayo mini allon zane marar fuska daga Abuja. Tun da na jona shi layina ya lalace, da'ira ba ta rufewa, kai ka ce ban taɓa riƙe fensir ba. Shin allon ne ba shi da kyau, ko kuwa sai na tara kuɗin mai fuska?

Amsa:

Wa'alaikumussalam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da ya same ka yana samun kusan duk wanda ya baro takarda ya koma irin wannan allo, kuma da wuya a ce laifin allon ne. Shekara uku ke nan idonka da hannunka suna aiki a wuri ɗaya, inda bakin fensir ya sauka nan ido yake kallo. Yanzu an raba su: hannu yana kan tebur, ido yana kan fuskar kwamfuta, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riga ta saba da wannan rabuwa ba. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Ƙaramin allo faɗinsa bai wuce inci 6 ba, ita kuwa kwamfutar cinya mai inci 15.6 faɗin fuskarta ya haura inci 13, saboda haka duk motsin da hannunka ya yi sai ya fito a fuskar ya ninka fiye da sau biyu, har da 'yar rawar da hannu ke yi wadda a takarda ba ka taɓa ganin ta ba.

Kafin ka zargi hannunka, ka fara duba saitin na'urar. Da yawa daga cikin masu saye sukan jona allon su fara zane nan take ba tare da sun saka ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba, wadda ake kira direba. Idan babu ita, alƙalamin yakan yi aiki kamar linzamin kwamfuta kawai, kuma sau da yawa ba ya jin nauyin hannu. Ka sauke ta daga shafin kamfanin da ya ƙera allon, kada ka ɗauko ta daga wani wuri dabam. Idan ka buɗe ta, ka tabbata an saita alƙalamin yadda kowace kusurwa ta allon ta yi daidai da kusurwar fuskar kwamfuta, domin wannan shi ne bambancinsa da linzami: linzami ana jan sa ana ɗagawa, alƙalami kuwa inda ka ajiye shi a allo nan ɗigon yake bayyana a fuska, ko yau ko gobe.

Sannan ka nemi wurin da ake daidaita siffar allo da siffar fuska. Alluna da yawa faɗinsu da tsawonsu yana kan ma'aunin 16 da 10 ne, alhali yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu suna kan 16 da 9. Idan ba a daidaita ba, cikakkiyar da'ira da hannunka ya zana za ta fito a ɗan danne kamar ƙwai. A direban allunan kamfanin Wacom sunan wannan saiti Force Proportions, a na kamfanin Huion kuma Screen Ratio. Ni kaina na yi kwanaki ina fama da wannan a farkon al'amarina, ina ganin kamar basirar ce ta gudu, har sai da na ɗora murfin kwalba a kan allon na zagaye shi da alƙalami, na ga abin da ya fito ba da'ira ba ce. Ka yi wannan gwaji yau, ba zai ci maka minti ɗaya ba.

Nauyin hannu ma ana saita shi. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin layi ya yi kauri, ka sassauta shi a cikin direban, don kada ka gajiyar da wuyan hannunka kuma ka cinye bakin alƙalamin da wuri. Game da santsi kuwa, gaskiya ne roba a kan roba ba ta da irin riƙon da fensir ke samu a takarda. Wasu sukan manna farar takarda a kan allon, kuma dabarar tana aiki, saboda alƙalamin ba ya buƙatar taɓa allon kai tsaye. A ƙarƙashin allon akwai saƙar wayoyi masu fitar da maganaɗisu, a cikin alƙalamin kuma akwai naɗin waya da ke karɓar wannan ƙarfi ya mayar da saƙo, shi ya sa yawancin alƙaluman zamani ba su da batir, kuma allon yana jin su tun suna sama da shi da kusan santimita ɗaya. Sai dai ka sani takarda tana cin bakin alƙalami fiye da fuskar allon, don haka ka adana ƙarin bakunan da suka zo a cikin kwalin.

Bayan haka sai atisaye. Ka ajiye allon a gabanka sosai, a miƙe da fuskar kwamfuta, kada ka karkatar da shi yadda muke karkatar da littafi idan za mu yi rubutu, domin idan ya karkace layin da ka ja a tsaye zai fito a jirkice. Ka cire linzami ka jefa shi a aljihun tebur na mako biyu, komai za ka yi a kwamfuta ka yi shi da alƙalami, ko da buɗe fayil ne. Kullum kafin ka fara zane ka ba da minti 15 ga abubuwa uku. Ka ɗiga ɗigo biyu nesa da juna ka haɗa su da layi ɗaya, bayan ka gwada motsin sau biyu ko uku a iska. Ka cika shafi da da'ira manya da ƙanana, da masu siffar ƙwai. Ka ja layi wanda ya fara siriri ya yi kauri ya sake komawa siriri. Dogon layi daga gwiwar hannu da kafaɗa yake fitowa, wuyan hannu na ƙananan abubuwa ne, kuma layin da aka ja da ɗan sauri ya fi wanda ake lallaɓawa miƙewa. A sanyin hunturun Jos, lokacin da yatsu ke sandarewa da safe, wannan atisaye shi ne kuma ɗumama hannunka.

Manhajojin zane suna da abin da ke gyara rawar layi. Ka kunna shi kaɗan lokacin da kake fitar da layin ƙarshe, amma ka kashe shi lokacin atisaye, don idan yana rufa maka asiri kullum hannun ba zai koyi komai ba. Allo mai fuska kuwa yana da daɗin aiki, ba na musu, amma yana da tsada, yana buƙatar ƙarin wuta, kuma yana sa mutum ya duƙa a kansa na sa'o'i. Da marar fuska kana zaune a miƙe, hannunka ba ya rufe maka zanen, kuma batirin kwamfutar cinya kaɗai ya ishe shi idan an ɗauke wuta. Ƙwararru da yawa da shi suke cin abinci. Ka riƙe kyautar yayanka da kyau.

Tambaya daga wata mai ɗinki, Rikkos, Jos:

Malam, ni tela ce, kuma ina yin lalle. Ina so in riƙa zana samfurin ɗinki da zanen lalle in nuna wa masu kawo mini aiki. Ba ni da kwamfuta, wayar Android kawai gare ni. Wane allo zan saya, kuma dole ne sai da Photoshop?

Amsa:

'Yar'uwa, wayarki za ta iya, matuƙar tana karɓar ƙaramin mahaɗin nan da ake kira OTG. Ƙananan alluna na Huion da XP-Pen da yawa suna aiki da Android, haka wasu daga cikin na Wacom, wanda kamfanin Japan ne da aka kafa a 1983 kuma shi ne ya fi daɗewa da suna a wannan fanni. Shawarata ita ce ki je shagon da wayarki a hannu, a jona a gabanki kafin ki biya, saboda wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin saiti, wasu kuma ba sa nuna ɗigon alƙalamin a fuska, kuma zane ba tare da ganin ɗigon ba lalube ne a duhu. Ki tabbata alƙalamin marar batir ne kuma akwai ƙarin bakuna a kwalin. Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ki: za ki ga an rubuta matakan nauyin hannu 2048, ko 4096, ko 8192, amma mai koyo ba zai ji bambancinsu ba, kuma bai kamata ki ƙara ko naira ɗaya saboda su ba.

Photoshop, wato manhajar nan ta zane da gyaran hoto, ba dole ba ne, kuma kuɗin haya ake biya a kansa. A waya ibisPaint da Sketchbook sun wadatar, kuma dukansu suna da abin da zai yi miki amfani ƙwarai, wato madubin zane: ki zana rabin wuyan riga ko rabin fure, ɗaya rabin ya fito da kansa. Idan Allah ya hore miki kwamfuta, ki sauke Krita, kyauta ce baki ɗaya, kuma tana da tsarin da ke maimaita zane ta kowane gefe, irin yadda zanen atamfa yake maimaituwa. Ki ɗauki hoton hannu ki sa shi a shafi na ƙasa, ki yi zanen lallen a shafi na sama, domin waɗannan shafuka da ake kira leya kamar gilasai ne da aka ɗora wa juna, ana goge na sama ba tare da an taɓa na ƙasa ba. Mai lalle ta riga ta iya sarrafa kaurin layi da matsin yatsu, don haka ina kyautata zaton za ki riga ɗalibin da ya yi tambayar farko sabawa.

Tambaya daga wani matashi, Gangare, Jos:

Malam, idan na sa hoto a ƙasa na bi layinsa, zanena yana fitowa da kyau har a Facebook ana yabawa. Amma idan na buɗe farin shafi ba na iya zana ko keke. Wata takwas ke nan ina amfani da allo. Me ya rage mini?

Amsa:

Wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin wasiƙun wannan wata, kuma na gode da ka faɗi gaskiya, domin da yawa suna cikin halinka amma yabon da suke samu ya hana su tambaya. Abin da ya rage maka, ƙanena, shi ne kallo. Bin layin hoto yana koya wa hannu tafiya a kan allo, kuma nan amfaninsa ya tsaya. Duk shawarar da mai zane ke yankewa, wato ina abu ya fara, yaya girmansa yake idan an gwada shi da na kusa da shi, ta ina ya karkata, kyamara ta riga ta yanke maka ita. Wata takwas kana horar da hannu, ido kuwa yana zaune.

Ka fara da abin da ke gabanka, ba hotonsa ba. Ka ɗauko buta ka ajiye a tebur. Kafin ka ja layi, ka miƙa hannu da alƙalami ka rufe ido ɗaya ka auna: faɗin cikinta sau nawa zai shiga tsawonta, bakin zubar ruwan ya kai tsayin wuyanta ko bai kai ba. Daga nan ka nemi sassauƙan siffofin da aka gina ta da su. Cikin buta ƙwallo ne, wuyanta gwangwani ne, bakinta siririn mazurari. Kusan duk abin da za ka zana a duniya daga akwati da gwangwani da ƙwallo da mazurari yake, kuma Keke Napep da ke wucewa ta ƙofar gidanku akwati ne da aka sassaƙe gabansa aka ɗora a kan gajerun gwangwanaye uku. Wanda ya iya juya akwati a ransa ya zana shi ta sama, ta ƙasa, ta gefe, ya kama hanyar zana abu daga ka. Saboda haka ka zana akwatuna da yawa, kana fitar da har layukan bayan da ido ba ya gani, kamar na gilashi ne.

A nan ne ilimin nisa da kusa yake shigowa, wanda masu zanen birnin Fulorans na Italiya suka tsara ƙa'idojinsa a ƙarni na 15. Tushensa ba shi da wuya. Ka tsaya a gefen Titin Ahmadu Bello ka dubi turakun lantarki da rufin shaguna: layukan da ke sama da idonka suna gangarowa, waɗanda ke ƙasa da idonka suna haurawa, kuma duk suna nufin matattara ɗaya a daidai tsayin idonka. Duk zanen da za ka fara, ka fara jan wannan layin ido. Krita tana da mataimakan da ke ja maka waɗannan layuka, amma ka yi da hannu tukuna har sai ka gane dalilinsu.

Kuma ka fita daga ɗaki. Allon ba zai bi ka kasuwa ba, don haka ka sayi ƙaramin littafi marar layi da biro, ka sa a aljihu. Na ce biro da gangan, saboda ba a goge shi. Babbar cutar allo ita ce maɓallan Ctrl da Z, waɗanda ke sa mutum ya ja layi ɗaya sau talatin yana sokewa, yana jiran sa'a ta ba shi mai kyau, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ya sa na farko ya karkace ba. Da biro dole ka duba kafin ka ja. Ka je Farin Gada da safe ka zana tulin kabeji da buhunan dankalin Turawa da kwandunan tumatir. Idan kana zana mutane, ka ba kowane zane minti ɗaya ko biyu kacal, ka kamo yadda mai dako ya sunkuya da inda nauyinsa ya sauka, ka bar ido da hanci. Ka riƙe ma'auni biyu a ranka: idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama inda masu koyo ke kai su ba, kuma tsayin babban mutum ya kai kusan kai bakwai da rabi.

Mu a Jos muna da wata dama da ba kowane gari ke da ita ba, kuma yana damuna yadda matasa masu zane ba sa amfani da ita. Gidan tarihi na ƙasa da ke nan, wanda aka buɗe a 1952 a ƙarƙashin Bernard Fagg, wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, yana ajiye da sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tono su a wuraren haƙar kuza. Ka zauna gaban ɗaya ka zana shi, za ka ga yadda magina na dā suka mayar da kai gwangwani ko ƙwallo, suka yi ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, suka bar abin da ba shi da amfani. A harabar kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kuma bakan gizon da ke cikin irin wannan gini darasi ne a kan lanƙwasa da inuwa. Idan hanya ta kai ka Riyom, ka zana duwatsun nan da ke ɗore a kan juna, amma maimakon duwatsun ka zana siffar sararin da ke tsakaninsu da gefensu. Ƙwaƙwalwa tana da hoton dutse da ta haddace, wanda take tura wa hannu ko ido bai gani ba, amma ba ta da hoton sarari, don haka dole ta kalla.

Idan ka dawo gida, ka ɗauki hoton shafin littafin ka buɗe shi a kwamfuta, ka rage haskensa, ka sake zana shi a sabon leya kana gyara kurakurai. Wannan bin layi ne mai amfani, saboda layin naka ne. A nan allo ya fi takarda nesa ba kusa ba: a Krita idan ka danna harafin M zanen zai juya kamar a madubi, kuma duk karkatar da idonka ya saba da ita har ya daina gani za ta fito fili. Kada ka riƙa kusanto da zanen sosai tun da wuri, ka bar shi yadda kake ganin dukkansa har sai manyan siffofi sun zauna. Ka yi aiki da burushi ɗaya, wato salon layi ɗaya a cikin manhajar, da launin toka na wata guda, ka fara raba haske da inuwa gida uku kawai. Daga ƙarshe ka rufe littafin ka zana abin nan daga ka, sannan ka buɗe ka gwada. Inda suka saɓa, nan ne aikinka na gobe. Zanenka na farko-farko ba za su samu yabon da ka saba samu ba, kuma ina roƙonka kada hakan ya mayar da kai ga bin hoto. Minti 30 kullum ya fi sa'a biyar ranar Lahadi.

Tambaya daga wani uba, Titin Bauchi, Jos:

Ɗana mai shekara 13 ya dame ni in saya masa wannan allo. Ina ganin yana da basira, amma ina da damuwa a kan zana masu rai, kuma ban sani ba ko abin zai amfane shi.

Amsa:

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya maimakon ka hana kai tsaye. Hukuncin zana masu rai magana ce ta malaman addini, kuma su ya kamata ka tuntuɓa, ni malamin zane ne kawai. Abin da zan iya shaida maka shi ne fagen yana da faɗi ko an ajiye wannan gefe. Akwai zanen gine-gine, da tsirrai, da motoci da injuna, da tambarin kamfanoni, da bangon littattafai, da rubutun ƙawa na Larabci da ajami. Gidanmu ma ba baƙo ba ne a nan: zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da aska takwas a gaban babbar riga, da dagi a bangon soro, duk aikin masu zane ne da suka san ma'auni da daidaito. Yaron da ya iya kallo da aunawa zai ci moriyarsu ko gini ya karanta ko injiniyanci.

Amma kada ka yi gaggawar saye. Ka ba shi littafin zane mai shafi 60 da fensir, ka ce ya cika shi da abubuwan da ke cikin gida, daga tukunya da takalmi har ƙofar zaure, yana rubuta kwanan wata a kowane shafi. Idan ya kawo maka shi a cike, ka saya masa ƙarami marar fuska, ka ajiye kwamfutar a falo inda ake ganin abin da yake yi, kuma ka sa ya riƙa tashi yana miƙe jiki yana hutar da ido bayan kowane rabin sa'a. Idan kana so, ka turo mana hoton shafi na farko da na ƙarshe, zan duba su in faɗa masa abin da zai fara gyarawa.